Mutum Huɗu da Kwata

Ƙanena Dossou ya yi shekara goma sha tara a Legas, ya dawo ƙauyenmu na bayan Allada da kwat guda ɗaya mai ruwan toka, da usur a wuya, da Turanci cike da baki. Abin da yake yi a can, babu wanda ya sani takamaimai. Shi dai ya ce "harkar kasuwancin zamani". Wata mata da ta taɓa zuwa ta ce ta gan shi yana kiran fasinja a tasha, amma ba a faɗin wannan a gabansa. Haihuwar bayan tagwaye ne, taurin kai tun yana goye. Ni na goya shi, na san abin da nake faɗa.

Bai yi wata biyu da dawowa ba ya zama sakataren ƙungiyarmu ta manoman abarba. Ba zaɓensa aka yi ba, littafin ya ɗauka ya ƙi ajiyewa. Ana haka sai Senami, 'yar shugabanmu Daa Hounkpe, wadda ke aikin kwamfuta a Kwatano, ta yi wa ƙungiya shafin intanet kyauta: hotunan gonaki, lambar waya, da wurin rubuta ranar yanka. Da za ta koma, ta ba sakatare mabuɗin cikin shafin, inda ake ganin yawan mutanen da suka leƙo. Yarinya mai hankali, amma ranar ta miƙa wa mahaukaci ashana.

Ni Assiba gona ɗaya gare ni. Tun da mijina Hounsa ya rasu, ita ce cina, ita ce suturata. Wata goma sha takwas na yi ina fama da abarbar nan, ƙayar ganye ta yayyage mini hannuwa har gwiwar hannu. Kuma kowa ya san halin abarba, idan ka yanke ta ka yi kwana huɗu ba ka rabu da ita ba, sai ta fara tsiyaya tana kiran ƙudaje. Kowace shekara Maman Raissa ce ke zuwa da gingimarinta ta kwashe ta kai kasuwar birni. Tana matse mu a ciniki, ba ƙarya, amma ba ta taɓa barin ko ɗaya ta ruɓe mana a ƙasa ba.

Saura mako biyu a fara yanka, Dossou ya busa usur ya tara mu a rumfar ƙungiya. Ya hau benci, ya ɗaga waya sama.

"Jama'a, ku zauna da kyau kada wani ya faɗi. Kun san mutum nawa ke ziyartar shafinmu kowace rana?"

"Goma," in ji wani.

"Goma! Ka ji ƙauyanci. Dubu huɗu da ɗari biyu da hamsin! Kullum! Ga shi nan, huɗu, waƙafi, biyu, biyar, sifili."

Daa Hounkpe, wanda yake gyangyaɗi tun kafin a fara, ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Duk suna cikin wayar?"

"Suna duniya, Daa. Turai, Amurka, ko'ina. Abarbarmu suke kallo, yawunsu na zuba."

Na ce, "Miƙo wayar in gani."

Ya ɓoye ta a ƙirji, ya kira ni da Dada, wato Yaya a harshenmu. "Dada, wannan ba zanen gwanjo ba ne da za a riƙa juyawa hannu-hannu. Ke me kika sani a kan shafi?"

"Ban san komai ba, ba na kuma son sani. Ni ban taɓa buɗe wannan shirmen ba, ba kuwa zan buɗe ba har in mutu."

Na faɗi haka da ƙarfi, har da buga ƙirji, a gaban mutum arba'in. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Dossou ya ɗauko alli ya fara lissafi a jikin bango. Dubu huɗu da ɗari biyu da hamsin sau kwana ashirin da takwas na baya-bayan nan da shafin ke ƙirgawa, ya tashi dubu ɗari da goma sha tara. Sai ya yi tsalle har benci ya yi ƙara.

"Kun gani? Ga shi nan a ƙasa sun rubuta jimla, ɗari da goma sha tara! Lissafina ya fita cif!"

"Ina dubun?" in ji Comlan, mai rumfar cajin waya a kasuwa.

"Sun yanke sifilin ne, wuri ya yi kaɗan. A Legas haka manyan kamfanoni ke yi. Mai arziki ba ya ɓata lokaci wajen rubuta sifili."

Daga nan ya zazzage mana shirinsa. Ba za mu sayar wa kowace 'yar tsakiya ba bana. Za mu yi Babbar Ranar Abarba, ya rubuta a shafi, baƙi su zo da ƙafarsu su saya a hannunmu ɗaya-ɗaya, a farashin Turawa. Ko mutum ɗaya cikin goma ne ya zo, ya ce, sai mun nemi inda za mu ɓuya.

Daa ya ce a kira Senami a tambaye ta.

"Daa, yarinya ta kafa rumfa, mun gode mata. Amma karanta lamba aikin manya ne. Ku bar ta ta zo ranar ta sha mamaki."

Aka ɗaga hannu, kowa ya yarda. Ni ma na ɗaga, ba zan yi muku ƙarya ba. Kwaɗayi ne ya ja ni, har na fara hango sabon kwano a rufin ɗakina.

Kashegari Maman Raissa ta zo duba gonaki kamar yadda ta saba. Dossou ya tare motarta a bakin hanya, ya busa mata usur kamar ɗan sanda.

"Madam, juya. Zamanin 'yan tsakiya ya wuce."

"Kai kuma wane ne?"

"Sakatare. Muna da baƙi dubu huɗu da ɗoriya kowace rana."

"Mu gani."

Ya nuna mata wayar daga nesa, yana riƙe gam. Ta sa tabarau ta duba, ta sake dubawa. Na ga gefen bakinta ya motsa, ta yi maza ta rufe da mayafi kamar mai tari.

"To, Allah ya ba da sa'a, Sakatare. Yaushe ne yankan?"

"Ki duba shafi."

"Zan duba," in ji ta. "Kullum ma ina dubawa."

Daga ranar ƙauye bai sake hutawa ba. Dossou ya ce baƙi dubbai suna bukatar masai arba'in. Samari suka kama haƙa a bayan makaranta, shi yana tafiya da baya yana ba da umarni. A rami na bakwai sai aka neme shi aka rasa, sai ƙarar usur kawai ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa. Da aka jawo shi, kwat ya zama ja har kafaɗa, ya ce da gangan ya shiga don ya auna zurfi, kuma a ƙara taku ɗaya.

Ya tara 'yan zem masu baburan haya ya koya musu gaisuwar Turanci. Kwana uku suna yawo a gari suna gwadawa a kan kowa. Wani ya tare surukarsa a rijiya ya rusuna ya zuba mata, ta ɗauka zagi ne, ta juye masa bokitin ruwa a ka. Filin ƙwallo kuma Dossou ya zana masa layuka da toka don ajiye motoci ɗari uku, aka yi ruwa da yamma ya wanke, ya sake zanawa, aka sake yin ruwa.

Matarsa Ayaba ta same ni a gona tana haki. "Dada, ki yi wa ƙanenki magana. Ya hana ni sakat. Kullum da safe sai na buɗe shafin nan a wayata na gaya masa ko baƙi sun bar saƙo."

"Sun bari?"

"Ko tari ba wanda ya yi."

Na gaya wa Dossou. Ya ce manyan mutane ba sa barin saƙo, zuwa kawai suke yi.

Sai kujeru. Ya kwaso na coci uku, da na masu ba da hayar kayan biki, ya kafa tantuna shida a bakin titi tun ranar Alhamis. To, a nan wurinmu idan ka ga tantuna da kujerun roba a bakin titi, ai ka san an yi rasuwa. Ranar Jumma'a da hantsi sai ga mata kusan talatin daga ƙauyen ƙetaren rafi, hannu a ka, suna rusa kuka. Dossou ya fito da gudu yana gyara laktaye.

"Sun fara isowa! Ayaba, kawo littafi! Ɗaya, biyu, uku..."

Babbar cikinsu ta kama hannunsa. "Sannu da haƙuri, ɗana. Wa muka rasa?"

Kafin ya ba da amsa suka hango Daa Hounkpe a kujerar gaba, sanye da farin zane, baki buɗe, yana barcinsa na hantsi. Suka zube a gabansa.

"Wayyo Daa! Ko wanka ba su yi maka ba suka zaunar da kai!"

Daa ya farka ya ce, "Wa ya kawo tuwon akasa?"

Ban taɓa ganin tsofaffi sun yi irin wannan gudun ba. Ɗaya ta bar takalminta duka biyu, wata ta faɗa rami na uku. Dossou ya tsaya da littafi a hannu ya ce ko ba komai an gwada kujerun.

A ranar muka yanke abarbar, duka, ta kowa da kowa. Aka tara ta tsibi-tsibi a gaban tantuna, kowa da nasa. Na tsaya ina kallon nawa tsibin, wata goma sha takwas na rayuwata a zube a ƙasa. Tsoro ya kama ni sosai, na rasa wanda zan gaya wa.

Asabar tun da sassafe 'yan badujala suka jeru a bakin titi. Umarnin Dossou shi ne duk motar da ta ɓullo su busa. Motar siminti ta ɓullo, suka busa, ta wuce. Motar katako, suka busa, ta wuce. Wani mai keke da alade ɗaure a baya, suka busa, aladen ya amsa. Kafin azahar sun shanye giyar sodabin da aka tanadar wa manyan baƙi, mai babban ƙaho ya kwanta a ƙarƙashin tebur. Rana ta buɗe, ƙamshin abarba ya fara nauyi, zuma da ƙudaje suka iso. Su dai ba su makara ba.

"Ina baƙin, Sakatare?" in ji Comlan.

"Cunkoso ne a hanya. Mutum dubu huɗu ba sa wucewa ta gada ɗaya a lokaci guda. Ka yi tunani mana."

Na ce, "Dossou, abarbata ta fara gumi."

"Dada, ki kwantar da hankalinki. Turawa sun fi son mai gumi."

Wajen ƙarfe biyu wani zem ya tsaya, Senami ta sauko. Ta dubi tantuna, ta dubi tsibin abarba, ta dubi kujeru dubu babu kowa a kai, ta ce, "Daa yana nan lafiya dai ko?"

Dossou ya ja ta har kan dakali, ya danƙa mata lasifika da wayar. "Wasu sun fara ƙananan maganganu. Karanta musu lambar da bakinki, 'yata, kunya ta kama su."

Ta duba. Lasifikar na bakinta ta ce, "Baƙi a rana, idan an raba daidai: huɗu, waƙafi, biyu biyar sifili."

"Kun ji! Dubu huɗu..."

"Wane dubu, Fofo Dossou? Mutum huɗu da kwata ke nan."

Har mai ƙaho ya ɗago kai daga ƙarƙashin tebur.

"Yarinya, waƙafi dubu ne! A Legas..."

"Fofo, nan Allada ne. Shafin da Faransanci na yi shi. A Turancinku ne waƙafi ke raba dubu. A namu, abin da ke bayan waƙafi gutsure ne, bai kai ɗaya ba. Ko 'yan aji uku sun sani."

"To jimlar fa? Ɗari da goma sha tara, sun yanke sifili!"

"Ba wanda ya yanke komai. Sau ɗari da goma sha tara aka leƙo a kwana ashirin da takwas. Shi ke nan."

Wata tsohuwa ta ce, "Mun haƙa masai goma sha ɗaya saboda mutum huɗu?"

"Da kwata," in ji Comlan.

Daa Hounkpe ya buga sanda. "Su waye huɗun? A kawo su, ko su ne su ci abarbar."

Senami ta latsa wayar. "Ana ganin irin wayoyin ai. Ta farko wannan ce da ke hannuna, ta Fofo Dossou. Ta biyu ƙarama ce, kullum da safe."

Ayaba ta ɗaga hannu tana kallon ƙasa.

"Ta uku ni ce, ina duba ko shafin na aiki. Ta huɗu daga Kwatano take, kullum wurin ranar yanka kawai take buɗewa."

Ba ta rufe baki ba sai ga gingimari ta ɓullo daga kwana, wayam babu kaya. 'Yan badujala, da ba wanda ya janye musu umarni, suka tashi suna tangaɗi suka busa. Maman Raissa ta sauko a hankali, tana taka rawa daidai da kiɗan, har gaban Dossou. Ashe ta daɗe a fake a kwana, lasifika na kai mata komai.

"Sakatare, ga baƙuwarka ta huɗu. Ina masaina?"

Dariyar da aka yi, har mutanen ƙetaren rafi sai da suka ji. Ni ban yi ba. Idona na kan motar, ina auna ta da tsibin da ke ƙasa. Ko kashi ɗaya cikin uku ba za ta ɗauka ba. Kowa ma ya lura, dariya ta mutu, aka yi caa a kanta. Maman, tawa ta fi zaƙi. Maman, tawa ta fi nuna. Maman, ni ban ɗaga hannu ba ranar.

Ta karɓe usur daga wuyan Dossou ta busa. "Mota ɗaya ce yau. Wasu sai jibi, idan na samu. Zan fara da 'yan uwana baƙin shafi. Ta Sakatare da matarsa ta jira dubu huɗunsu. Senami ba ta da gona. Saura kwata. Duk wanda yake shi ne kwatan nan, da abarbarsa zan fara lodi, don ni dai ina so in ga yadda kwatan mutum yake."

Tirƙashi! Hannu arba'in suka tashi.

"Ni ne kwata!"

"Ƙarya yake, ni ce! Dube ni, ko rabi ban kai ba!"

Daa da kansa ya ɗaga sanda.

Senami ta ce, "Ku dakata. Kwata yana nufin mutum ɗaya da ke zuwa sau ɗaya a kwana huɗu. Kowace ranar kasuwa ke nan. Hoto guda kawai yake buɗewa, ya daɗe a kansa, ya rufe. Wanda ya san hoton ya faɗa."

Aka fara cinke. Hoton rumfa. Hoton babbar abarba. Hoton Sakatare da kwat, in ji Dossou da ƙaramar murya. Senami na ta girgiza kai. Comlan mai caji ya juyo ya kalle ni, ya kawar da kai yana sosa ƙeya.

Na dubi tsibina. Wata ta ƙasa ta riga ta fara tsiyaya, ruwan ya yi layi a cikin ƙasa. Jibi ya yi mata nisa. Na tuna ƙirjin da na buga a gaban mutum arba'in, kunya ta rufe ni har kunnena ya yi zafi. Amma kunya ba ta rufa ɗaki.

Na ce, "Hoto na biyar."

"Ɗaga murya, Dada," in ji Senami, ta miƙo lasifika.

"Hoto na biyar, na ce! Na ranar da aka kafa ƙungiya. Hounsa na tsaye a gefe da abarba a kafaɗa, hularsa a karkace. Ba ni da hotonsa ko ɗaya a gida. Duk ranar kasuwa Comlan ke ara mini wayarsa in gan shi. To, kun ji. Akwai mai magana?"

Senami ta gyaɗa kai. Maman Raissa ta cire tabarau ta goge da gefen zane, ta daɗe tana gogewa, sannan ta daka wa direbanta tsawa, "Me kake jira? Juyo da mota wajen tsibin Kwata!"

Dossou ne ya yi lodin, a ka, da kwat ɗinsa da laktaye. Ta sa shi ya riƙa ƙirga kowane kwando da ƙarfi. Da ya kai huɗu sai jama'a su amsa gaba ɗaya, "Da kwata!" Tawa ta shiga duka, ko ɗaya ba ta ruɓe ba. Sauran motocin sun zo jibin, a farashin da ta ga dama, abin da ya rage kuma muka sha har harshen kowa ya tsage. Da ya ajiye kwandon ƙarshe, ƙanen nan nawa ya share gumi ya matso kusa da ni.

"Dada, kin ga amfanin shafina ko? Ba don shi ba, da ba ke aka fara ɗauka ba."

Abarbar da na jefe shi da ita ƙarama ce, ina baƙin cikin hakan har yau.

Abin haushin, shi da ya tafka ɓarnar, mako biyu aka yi ana tsokanarsa aka manta, yanzu ma wai yana shirin kiwon dodon koɗi ta waya. Ni kuwa sunan ya manne mini. Duk ranar kasuwa idan na nufi rumfar Comlan, sai mata su ɗaga murya daga bayan tumatir, "Ku ba da hanya, Kwata za ta je cika lissafi!" Senami ta wanko mini hoton a Kwatano, yana rataye a ɗakina ƙarƙashin sabon kwano. Amma ina zuwa rumfar har yanzu. Idan na daina, lambar za ta koma huɗu cur, kuma a cikin huɗun nan babu mai buɗe hoto na biyar.